Takunkumi mai taga: yadda ake ɗinka shi, da yadda ake magana da kurame a lokacin annoba

Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo shagona neman takunkumi mai taga, wato na rufe baki da hanci mai roba a daidai baki da ake hango leɓe ta cikinta, shi ne: kai za ka sa shi, ba kurman ba. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ɗinka min guda ɗaya, akwai yaro kurma a gidanmu." Sai in tambaye shi su wa da wa ke magana da yaron kullum. Ya lissafo uwa, uba, yayye, malamin Islamiyya, mai shagon bakin layi. To waɗannan su ne masu buƙatar takunkumin. Yaron bakinku yake kallo. Idan shi ya sa mai taga ku kuma kuka rufe naku da baƙin ƙyalle, an kashe kuɗi ne kawai, matsalar tana nan inda take. Shi ma zai buƙaci nasa idan ya haɗu da 'yan'uwansa kurame, amma a fara da masu ji tukuna.

Ni tela ne a Kano. Ƙanena ya rasa jinsa a annobar sanƙarau ta 1996, yana ɗan yaro amma bakinsa ya riga ya buɗe. Saboda haka har yau yana magana da baki, yana karanta leɓe, yana kuma maganar hannu. Da korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, ta iso Kano a watan Afrilu, Shugaba Buhari ya yi jawabi ranar 27 ga Afrilu aka kulle Kano gaba ɗaya, aka kuma wajabta sa takunkumi a bainar jama'a a faɗin ƙasa. Mu masu ji mun yi ƙorafin zafi da shaƙewa. Shi kuwa garin gaba ɗaya ya yi masa shiru a karo na biyu. Ya ce min da hannu, "Yaya, kowa ya zama ido kawai." A lokacin na ga labarin wata ɗaliba a jihar Kentaki ta Amurka, Ashley Lawrence, mai karatun koyar da kurame, wadda ita da mahaifiyarta suke ɗinka takunkumi da farar roba a daidai baki. Na duba hoton na ce wannan ai aikinmu ne. Abin da ke biye shi ne yadda nake yi, kuma zai yi amfani a duk lokacin da wata cutar numfashi ta sa aka koma rufe fuska, kamar yadda muka ga ma'aikatan lafiya sun koma lokacin mashaƙo a Kano a 2023.

Kafin ka taɓa almakashi, ka san abin da kake ƙoƙarin buɗewa. Ba leɓe kaɗai ba ne. A maganar hannu fuska tana aiki tare da hannu. Ɗaga gira yana mayar da magana tambaya. Cika kumatu da iska yana nuna girman abu ko yawansa. Taɓe baki yana sauya ma'anar abin da hannu ya nuna. Idan ƙanena yana ba da labarin kasuwa, hannunsa ne ke faɗin an sayar da rago, amma bakinsa da kumatunsa ne ke faɗin ko ragon ƙato ne ko ramamme, ko an yi riba ko an faɗi. Don haka tagar da ta nuna leɓe kawai ta ɓoye gefen baki ba ta isa ba. A bar kusurwoyin baki su fito ko da mutum ya yi murmushi.

Kayan aiki ba su da yawa. Yadin auduga mai saƙa a matse, irin wanda idan ka ɗaga shi ga rana ba ka hango ƙananan ramuka; guntayen atamfar auduga ko farin yadin riga daga Kantin Kwari sun wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a watan Yunin 2020 cewa takunkumin ƙyalle ya zama rufi uku: na ciki mai tsotse danshi kamar auduga, na tsakiya mai tacewa, na waje wanda ba ya shan ruwa. Ni na ciki auduga nake sawa, na tsakiya irin yadin nan marar saƙa da ake yin jakar cefane da shi, na waje kuma yadi mai ɗan santsi. Sai wayar hanci: siririyar wayar lantarki mai rigarta, tsawon inci huɗu, a lanƙwasa bakinta biyu kada ta huda yadi ta soki mutum. Sai igiya ko lastik.

Robar ita ce inda ake yawan kuskurewa. Ledar buhu ko ta kunsa kaya ba ta yi ba sam: tana da laushi, da ka ja numfashi za ta manne maka a baki, kuma wannan haɗari ne. Iri biyu nake amfani da su. Akwai farar ledar tebur mai ɗan kauri da ake sayarwa da yadi a kasuwar Sabon Gari, ita tana da sauƙin ɗinki kuma tana jure wanki. Akwai kuma farar robar da masu shagon kwamfuta suke sa wa a bangon takardu idan sun haɗa wa ɗalibai littafi. Wannan ta fi tauri, ta fi haske, kuma tana tsayawa nesa da leɓe, amma tana tsagewa idan allura ta yi mata huji kusa da kusa. Ko wacce ka saya, ka sa jarida a bayanta ka gani: idan rubutun ya yi dishi-dishi, bar ta. Ka kuma shinshina. Sabuwar leda mai warin sinadari sai an wanke ta an shanya a inuwa har warin ya fita.

Awon babban mutum: faɗi inci tara, tsawo inci bakwai, kafin kalmasa. Ka yanka samfuri a kwali ka ajiye. Tagar kuwa inci huɗu a kwance, inci biyu da rabi zuwa uku a tsaye, kusurwoyinta a zagaye. Kada ka sa tagar a tsakiya daidai. Ka ɗan sauko da ita, domin baki yana ƙasan tsakiyar takunkumi, kuma muƙamuƙi ƙasa yake tafiya idan ana magana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora yadin a fuskar mai shi, ka ce ya buɗe baki ya ce "a", ka sa alli a sama da ƙasa. Kada kwaɗayin nuna fuska ya sa ka faɗaɗa tagar fiye da haka. Roba ba ta wuce iska. Duk numfashin mutum ta yadin da ya rage zai bi, idan ka cinye yadin da roba sai iskar ta nemi hanya ta gefen kumatu da saman hanci ba tare da an tace ta ba, kuma mai sawa zai ji kamar an shaƙe shi. Haka kuma kada ka huda robar wai don iska ta shiga. Da ka huda, amfanin takunkumin ya tafi.

Ɗinkin kansa haka yake tafiya. Ka haɗa yadin waje da na tsakiya wuri ɗaya, ka kifa na ciki a kansu fuska da fuska, ka zana tagar da alli, ka bi zanen da keke. Sannan ka yanke cikin tagar ka bar kamar kwatan inci, ka tsattsaga kusurwoyin da bakin almakashi ba tare da ka taɓa zaren ba, ka juyo yadin ta cikin ramin. Yanzu kana da taga mai tsaftataccen baki. A nan za ka yi guga, ka gama duk gugar da za ka yi, domin da roba ta shiga dutsen guga ba ya sake zuwa kusa. Ka yanka robar ta fi ramin girma da rabin inci ta kowane gefe, ka zura ta tsakanin yadin ciki da na waje. Kada ka kafa ta da fil, kowane huji zai zauna har abada. Ka riƙe ta da maƙalen shanya ko ɗan salatif. Ka buɗe takun keken ya yi tsawo, ka yi ɗinki layi biyu a kewaye. Ledar tebur tana son manne wa ƙafar keke ta ƙi tafiya. Maganinta ka shimfiɗa siririyar takarda a kanta ka ɗinke tare, daga baya ka yage takardar.

Sai abin da ya raba takunkumi mai amfani da wanda za a jefar bayan kwana ɗaya: tudu. Dole takunkumin ya taso daga fuska kamar an kifa ƙoƙo a kan baki, ta yadda leɓe ba zai taɓa robar ba. Ana samun haka da tsinke biyu, wato ka naɗe yadin ka ɗinke shi a siffar kusurwa, ɗaya a saman hanci mai zurfin kamar inci ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin haɓa mai zurfin inci ɗaya da rabi. Na haɓar shi ne mai muhimmanci, shi ke riƙe takunkumin kada ya zame sama idan ana magana. Idan leɓe yana gogar roba, miyau da man baki za su ɓata ta cikin minti kaɗan, kuma mai kallo ba zai ga komai ba sai jirwaye.

Igiya ta fi lastik ɗin kunne a wurina. Mai sa na'urar ƙara ji a bayan kunne, lastik yana sarƙe ta, wajen cire takunkumi sai ta faɗo, kuma na'urar nan ba arha gare ta ba. Mata masu hijabi ma sun fi jin daɗin igiyar da ake ɗaurewa a ƙeya a kan hijabin. Ka yi igiya biyu, ta sama da ta ƙasa.

Tururi shi ne ƙorafin kowa. Numfashi mai ɗumi yana sauka a kan roba mai sanyi sai ya zama raɓa, kuma abin ya fi tsanani da safiyar hunturu da cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, ɗigo ɗaya tak, a cikin robar ta ɓangaren baki. Ka shafe ko'ina da yatsa mai tsafta, ka bar shi ya bushe, sannan ka goge a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi har ta yi haske. Siririn sabulun da ya rage shi ke hana ruwa taruwa ɗigo-ɗigo. Yana ɗaukar 'yan sa'o'i, sai a sake. Malamar aji ko mai zama a kanta duk yini ta riƙe takunkumi biyu, idan ɗaya ya jiƙe ta canza. Wanki da hannu ne, da sabulu da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kullum bayan an sa. Kada a murɗe, kada a goge robar da soson ƙarfe, a shanya a inuwa, domin ranar Kano tana lanƙwasa roba. Da ta tsage ko ɗinkin kewayenta ya saki, a canza.

Ina so a ji wannan da kyau: takunkumin tela ba kayan asibiti ba ne. Na gida ne da makaranta da kasuwa da ofis. Ma'aikaciyar jinya da ke kan mai cutar numfashi ba za ta ajiye nata na aiki ta sa nawa ba. Akwai masu haske da aka yi musamman don asibiti; hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na kamfanin ClearMask a watan Agustan 2020, gwamnatin Birtaniya kuma ta sayi 250,000 ta raba wa ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi a shekarar. Irin waɗannan ya kamata asibitocinmu su ajiye ko da kwali ɗaya ne a wurin karɓar marasa lafiya. Garkuwar roba da ake ɗaurawa a goshi ta rufe fuska, wadda manyan mutane suka yi ta sawa a taro, tana nuna fuska sosai amma ƙasanta da gefenta a buɗe suke, ba ta maye gurbin takunkumi. Kuma ba a sa wa jariri ko ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu takunkumi kowane iri, balle mai roba. Haka mai fama da numfashi, haka wanda ba zai iya cire shi da kansa ba.

Akwai wani abu da mutane ba sa zato. Roba tana danne murya fiye da ƙyalle. Tsohon da jinsa ya ragu amma da kunnen yake dogara, wani lokaci ya fi jin ka da takunkumin asibiti mai shuɗi fiye da mai taga. Wani kuma sai ranar da aka rufe baki ya gane ashe shekara da shekaru leɓe yake karantawa bai sani ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutane kusan miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar taimako, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Saboda haka ka tambayi mutum: in sa wannan, in rubuta, ko in nemo mai fassara? Shi ya san abin da ke yi masa aiki.

To ka sa takunkumin, saura magana. Ka fara jawo hankalinsa kafin ka buɗe baki. A lokacin annoba ba a son taɓa juna, don haka ka ɗaga hannu inda idonsa zai kai, ko ka bubbuga teburin da yake jingine, ko ka kashe fitila ka kunna. Kada ka jefe shi da tsakuwa ko ɓawon gyaɗa. Ana yi, kuma wulaƙanci ne. Ka tsaya inda haske ke sauka a fuskarka. Idan ka ba wa rana ko taga baya, inuwa kawai yake gani, robar kuma tana ƙyalli, sai ka ɗan karkata har ya nuna maka ya gani. Da dare idan babu wuta, fitilar wayar fuskarka za ka haska, ba tasa ba. Ka tofar da goro, ka cire asuwaki, mai gashin baki ya rage shi ya bar leɓe a fili.

Ka yi magana yadda ka saba, ka ɗan rage sauri kawai. Ihu ba ya ƙara komai, yana ma ɓata siffar baki, kuma fuskar mai ihu fuskar faɗa ce. Wage baki fiye da kima ma haka. Ka fara da faɗin abin da za a yi magana a kai, "maganar kuɗin makaranta ce", domin karatun leɓe rabinsa hasashe ne. Je gaban madubi ka ce bata, ɓata, mata, ba tare da murya ba. Duk ɗaya za ka gani. Harufa irin su k da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya kaiwa. Hawa da saukar murya da ke bambanta kalmomin Hausa masu yawa ba a ganinsu ko kaɗan. Idan bai gane ba, kada ka maimaita kalmar nan sau biyar, ka canza ta da wata. Kuma kada ka ce "bar shi kawai, ba komai". Wannan kalma tana yi wa ƙanena ciwo fiye da duk wani abu, domin ma'anarta an fitar da shi daga zancen.

Lamba da magani ba a barin su ga leɓe. Uku da huɗu kusan iri ɗaya suke a baki, biyu da biyar farkonsu ɗaya. Na raka shi wani asibiti lokacin kulle, mai ba da magani tana bayan gilashi da takunkumi tana ta bayani, shi kuma yana gyaɗa kai don kunya da ganin layi a bayansa. Na ce, "Sista, don Allah ki rubuta masa." Ta ɗauki biro ta zana rana tana fitowa da ƙwaya biyu a gefenta, ta zana wata da ƙwaya biyu, ta ɗaga yatsu biyar na kwanaki. Bai kai minti ɗaya ba, kuma ya maimaita mata da hannu daidai. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Ka sa mutum ya nuna maka abin da ya gane.

Rubutun ma da sharaɗinsa. Wanda ya yi makarantar kurame, kamar ta Tudun Maliki a nan Kano, sau da yawa ya fi gane Turanci a rubuce fiye da Hausa, domin da shi aka koyar da shi. Wanda bai shiga makaranta ba kuwa takarda ba za ta yi masa amfani ba, sai zane da nuni. Maganar hannun ma ba ɗaya ba ce. Ta makaranta ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Akwai kuma maganar hannu ta ƙasar Hausa da kurame ke yi a kasuwanni da unguwanni tun kafin makarantun. Mai fassarar da ake sawa a kusurwar talabijin lokacin sanarwar annoba ta makaranta yake yi, kuma kurman ƙauye ba lallai ya bi shi ba. Idan akwai irinsa a gidanku, ku zauna ku nuna masa da hannu abin da aka sanar: wanke hannu, tazara, alamomin cutar, inda za a je.

Idan za a nemo mai fassara, shi ya fi kowa buƙatar takunkumi mai taga. Ya tsaya kusa da likita yana fuskantar marar lafiya, likita kuma ya kalli marar lafiyar ya yi masa magana kai tsaye, ba ya riƙa cewa "tambaye shi" ba. Idan an hana 'yan rakiya shiga, a kira mai fassara ta bidiyo a WhatsApp a jingine wayar inda hannuwansa za su fito duka. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan marasa lafiya. Reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa da ke jiharku zai iya haɗa ku da mai fassara, kuma gara a karɓi lambarsa tun ana lafiya.

Idan babu mai taga, babu takarda, babu waya, ku fita waje inda iska ke kaɗawa, ka ja baya kamar mita biyu, ka sauke takunkuminka ka faɗi abin da za ka faɗa a taƙaice, ka mayar. A Ingila ma dokar takunkumi ta lokacin korona ta ba da wannan uzuri ga mai magana da wanda ke karanta leɓe. Amma kada a yi haka a cikin ɗaki a rufe, ko idan ɗayanku yana tari ko zazzaɓi. Mace mai niƙabi da ke hulɗa da kurma 'yar'uwarta mace za ta iya yin haka a cikin gida a tsakar gida, ko ta sa mai taga a ƙarƙashin niƙabin ta ɗage shi idan sun keɓe.

Ga 'yan'uwana teloli: kafin ka ɗinka dozin, ka ɗinka ɗaya ka sa a fuskarka, ka je wurin kurma ka yi masa magana daga nisan mita biyu, a rana da kuma a inuwa. Shi zai gaya maka ko tagar ta yi sama, ko robar tana ƙyalli, ko gefen baki ya ɓuya. Ka gyara kwalin samfurinka bisa abin da ya faɗa, sannan ka yanka sauran. Ka kuma yi ƙaramin awo na mata da matasa, faɗi inci takwas, tsawo shida da rabi, domin wanda ya yi wa fuska yawa yana barin rami a gefen kumatu.